Hannun Iya a Takardar Safiyo

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. A cikin bazarar nan Iya ta riga mu tafiya. Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu, amma duk Unguwar Hajji haka ake kiranta, har da waɗanda suka kusa zama sa'anninta.

Ni ba mai magana ba ce, kowa a gidanmu ya san haka. Shi ya sa da aka fara zaman makoki aka ba ni aikin da ya dace da ni, wato cika butoci da jera takalman mata a bakin ƙofa. Daga wurin nan na ga kowa, na kuma ji abin da kowa ya ce.

Na zaci kuka zan yi ta ji. An yi kukan, musamman da safen da aka fita da ita. Amma zuwa la'asar sai na lura da wani abu. Mata suna shigowa da fuska a ɗaure, su ce, "Ya haƙuri?" a ce musu, "Da godiya," su yi addu'a su zauna. Kafin a jima sai wata ta tuna wani abu da Iya ta taɓa yi mata, sai in ga kafaɗu suna rawa a ƙarƙashin mayafi. Mai kawo mana nono ta ce Iya ba ta taɓa karɓar nononta ba sai ta tsoma yatsa, kuma duk inda ta tsoma sai ya bar ɗan shuɗi, har matan unguwa suka koma cewa a ba su daga ƙwaryar da Iya ta taɓa, don sun tabbata ba a tsinka shi da ruwa ba. Tana faɗa tana share ido tana dariya.

Gwaggo, yayar Babanmu, ta iso daga Fulatan ta ƙasar Rogo bayan maza sun riga sun dawo daga makabarta. Ita ce 'yar farin Iya. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Iya, ba ta shiga ba. Sai maƙwabciyarmu ta bayan katanga, tsohuwar ƙawar Iya, ta ce, "Ku nuna mata hannun mana."

Aka dube ni. Na shiga na ɗauko takardar daga cikin littafina. Takarda ce mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, a tsakiyarta ga siffar hannun Iya, fari, yatsu a buɗe. Ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ta isa wurin Gwaggo. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya wajen Innarmu ta ce, "In ba a bukatarsa, zan tafi da shi."

Inna ta ce, "Ai naki ne, Yaya."

Ni ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban iya cewa komai ba. Gwaggo ta ce za ta koma bayan sadakar bakwai. Wannan takarda ita kaɗai ce abin da ya rage a duniya mai kama da Iya, kuma ni na yi ta.

Bari in faɗi wace ce Iya, da yadda hannunta ya hau takarda.

Iya kaɗi take yi, ta kuma rina zarenta da kanta. A bayan ɗakinta akwai manyan tukwane na baban rini, da wata mai huji a gindi inda take tace ruwan toka. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunta na dama da wani launi ba sai shuɗi mai duhu, har cikin farce, har wuyan hannu. Manuninta a karkace yake saboda murza mazari. A ƙaramin yatsa kuma akwai zoben azurfa da ya daɗe da ƙin fita.

Ba ta yarda da abu sai ta taɓa shi. Ko me aka kawo gidan nan, kalmarta ɗaya ce: "Kawo in taɓa." Da Baba ya sayi keke sai da ta latsa tayoyin, ta buga ƙararrawa, sannan ta yi masa addu'a. Jaririn da aka haifa, kunnensa take fara murzawa. Ranar da na fara kawo littafin karatu gida ta ɗaga shi a tafin hannu ta ce, "Ashe abin da kuke wuni kuna ɗauka ke nan? Ai ko kaza ba zai gajiyar ba." Ta bar mini shatin yatsa a bangon, yana nan har yau. Malama Shiru take kirana. In na shigo ɗakinta na zauna, sai ta ce, "Malama Shiru, rage surutun nan, kina hana ni aiki."

Faɗanta da maƙwabciyarmu kuwa duk unguwa an san shi. Wata rana akuyar maƙwabciya ta ɓullo ta wata kafa, ta sa baki a kwanon da Iya take ɗauraye zare, ta koma gida da gemu shuɗi. Sai ga kan maƙwabciya ta saman katanga.

"Ke, kin rina mini akuya."

Iya ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Mutane tun daga Zoza suke kawo zare su zauna jira. Ke an yi miki har gida kina faɗa."

"Wa zai dube ta haka a kasuwa?"

"Kowa ma. Ita kaɗai ce malama a cikinsu."

Suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Amma duk yamma sai in ga kwanon miya ya haura katanga, wani ya dawo da dambu, ba mai cewa uffan. Da zazzaɓi ya kwantar da maƙwabciya, Iya ce ta zagaya ta wuni tana yi mata fifita, tana kuma yi mata faɗa a kan ba ta toshe kafar katangar ba. A wurin makoki maƙwabciya da bakinta ta ba da labarin nan, ta ce jikokin akuyar suna nan, kuma har yau kafar a buɗe take.

Abu ɗaya ne Iya ba ta wasa da shi, shi ne kunyar 'yar fari. Tun da aka yaye Gwaggo aka kai ta Fulatan wurin yayar Iya, can ta girma, can aka yi mata aure. Iya ba ta taɓa faɗin sunanta ba. In Gwaggo ta zo ganin gida, sai aiki ya taso wa Iya a bayan ɗaki. Daga can za ta ce, "Kun zo lafiya?" tana kallon tukunya. Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta miƙa mata abu hannu da hannu. Haka aka yi mata tarbiyya, haka ta riƙe. Amma duk shekara, in rini ya yi kyau, sai ta zaɓi zaren da ya fi kamawa, ta naɗe a farin ƙyalle, ta ba Baba ta ce, "A kai wa mutanen Fulatan."

Baba yakan ce, "Duk mutanen garin, Iya, ko wata a cikinsu?"

"Kai dai ka kai."

Na lura farin ƙyallen nan ba ya barin gidanmu sai da shatin yatsunta a jiki.

Hoto kuwa ba ta yarda ba. Wata Sallah Baba ya kawo mai hoto da akwatinsa mai ƙafafu da baƙin ƙyallensa. Kowa ya yi kwalliya ya jeru, aka nemi Iya aka rasa. A bayan rumbu na same ta tana tsince auduga. Ta ce mini ba za ta tsaya wani ƙato ya lulluɓe kansa yana leƙenta ba, kuma fuskarta ba ta bango ba ce.

A makarantarmu ta elemantare a Karaye mu 'yan mata kaɗan ne, muna zama a bencin da ke gefen taga. Bayan damina ta ɗauke, wata rana Malaminmu ya shigo aji da wani dogon gwangwani a hammata. Ya ce wansa yana aiki a ofishin safiyo a Kano, inda ake zana taswirar gonaki da hanyoyi, ya aiko masa da ragowar wata takarda da suke aiki da ita. Ya sa aka tura tagogi, ajin ya yi duhu-duhu, har hoton Sarauniyar Ingila da ke saman allo ya daina ganuwa sosai. Sannan ya zaro takardar. Bayanta fari ne, fuskarta kuma rawaya mai ɗan kore, kamar ganyen da ya fara bushewa.

Ya ce, "Yau za mu ɗauki hoto, amma babu akwati, babu baƙin ƙyalle. Rana ce za ta yi mana aikin."

Ya bayyana mana cewa an shafa wa takardar wani magani. Duk inda rana ta taɓa zai koma shuɗi, duk inda aka tare zai zauna fari. Ya ce a ofishin safiyo taswirar da aka zana suke shimfiɗawa a kai, rana ta ratsa ta farin wurin, layukan tawada su tare ta, da haka taswira ɗaya take haifar wasu. Ina jin ni kaɗai na ji wannan ƙarshen maganar, don sauran sun riga sun zuba waje neman ganye.

Aka kawo ganyen zogale, da na tsamiya, da gashin zabo, da mataji. Ƙawata da muke benci ɗaya fara ta kamo, mai rai, ta ce ita hoton fara take so. Malam ya yanka wa kowa takarda, muka jera kayanmu a kai a cikin inuwa, ya danne da gilashin taga, muka fitar rana. Farar ƙawata ba a danne ta ba, don kada ta mutu, saboda haka ana fita ta yi tsalle ta tafi abinta. Muka tsaya muna kallo takardun suna sauya launi a hankali, daga rawaya zuwa kore, daga kore zuwa toka-toka. Sai Malam ya ce a kwaso. Muka tsoma su a daro cike da ruwa.

Ban manta da lokacin nan ba. Ruwan ya yi rawaya, takardar kuma ta fara shuɗi a gaban idonmu, ganyen zogalena ya fito fari tas, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda tsutsa ta ci gefensa. Sai kowa ya fara magana a lokaci ɗaya. Takardar ƙawata shuɗi ce gaba ɗaya, babu komai a ciki. Malam ya ɗaga ta ya ce, "Ga hoton fara bayan ta tashi."

Da za a tashi ya ba kowa wata takardar guda, ya ce mu ɓoye ta daga rana, mu je gida mu zaɓi abin da ba ma so mu manta. Na sa tawa a tsakiyar littafi, na sa littafin a cikin zane. Tun kafin in kai gida na san abin da nake so.

Na sami Iya tana murza zare a inuwar ɗakinta. Na zauna. Sai da na daɗe sannan na ce, "Iya, ina son hannunki."

"Wanne? Na dama yana aiki, na hagu yana taya shi."

"Aro kawai. Za ki ɗora a takarda, a rana."

Ta dube ni ta gefen ido. "Hoto ne?"

"Hoton rana ne. Babu fuska, babu ido. Inuwa ce kawai."

"Inuwa? Ai inuwata kullum tana ƙasa, kaji ma takawa suke yi. Kawo in taɓa."

Na ce ba a taɓawa da danshi. Ta goge hannu a zane, ta sake gogewa, tana ƙunƙuni wai yau takarda ce mai ƙyanƙyami. Na kife turmi a tsakar gida, na ɗora faifai, na shimfiɗa takardar a ƙarƙashin mayafina, ta zura hannu ta ɗora, sannan na janye mayafin.

"Kada ki motsa, Iya."

"Har yaushe?"

"Har ta sauya launi."

Zama wuri ɗaya ba halin Iya ba ne. Ta kori kaza da ƙafa. Ta aika Inna ta duba tukunya. Ƙuda ya sauka a hancinta ta yi ta hura masa iska. Sai ga kan maƙwabciya ta saman katanga.

"Yau kuma me ake shanyawa?"

"Ni ake shanyawa. In na bushe a miƙo miki."

Inna ta shige madafi tana dariya. Da tsakar gidan ya rage daga ni sai ita, Iya ta rage murya ta ce, "Abin nan, in ya bushe, yana jure tafiya?"

"Wace tafiya, Iya?"

"Tafiya dai. Kamar a ce Fulatan."

Na ce yana jurewa. Ba ta dube ni ba, kazar take kallo.

Da na wanke takardar a ƙwarya, hannun ya fito sarai. Ga karkataccen manuni, ga ƙullin zobe, babban yatsa kuma ya yi ɗan hazo don ta motsa shi lokacin ƙudan nan. Murna ta cika ni. Iya ta sunkuya ta duba, ta ɗaure fuska.

"Hannun wa ke nan?"

"Naki."

"Allah ya sawwaƙe. Wannan hannun Baturiya ne, matar Di'o. Ni ko ranar da aka haife ni hannuna bai yi fari haka ba. Mutanen Fulatan ba za su gane shi ba." Ta shafa gefen takardar. "Shuɗin ma bai kama ba. Tsoma ɗaya aka yi masa."

Na ce haka abin yake. Ta ce to. Na rataye takardar a igiyar ɗakinta ta bushe.

Washegari da na dawo daga makaranta sai na tarar da Iya ta zama wata iri. Ta tare ni tun daga zaure. Ta ba ni dakuwa. Ta tambaye ni lafiyar Malam da iyalinsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kira ni uwar ɗakinta. Na ɗaga kai na dubi igiya, babu komai.

"Iya, ina takardar?"

Ta yi gyaran murya, ta ɗaga taskirar audugarta, ta zaro ta daga ƙarƙashi. Shuɗin ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage wani rawaya ne mai kama da ƙasar rafi, hannun sai an ƙura ido ake ganinsa.

Abin da ya faru shi ne, a sana'ar Iya baba ba ya kamawa sai da ruwan toka. Ta ga shuɗi mai rauni, ta ga hannu fari, sai ta yi masa abin da take yi wa zare. Ta tsoma takardar a ruwan toka don shuɗin ya ƙara ƙarfi ya shiga cikin hannun. Ta ce tana tsomawa ta ga yana gudu kamar an kore shi.

Ban yi kuka da murya ba, hawaye dai suka yi ta zuba. Iya ta juya takardar, ta ɗaga ta a haske, ta shinshina. Ta ce a hankali, "Ni da na tsufa a bakin tukunya, yau takarda ta kunyata ni." Ta sake dubawa. "Wannan ai launin tsatsa ne."

A gefen gadonta akwai ƙoƙon bagaruwa da take jiƙawa tana kurkure baki saboda ciwon dasashi. Ta ce ta taɓa barin wuƙa mai tsatsa a cikinsa, ta dawo ta tarar ta yi baƙi. "In lalacewa ce ai ya riga ya lalace. Ki yarda?" Na ɗaga kai. Ta juye ruwan a tasa, ta kwantar da takardar a ciki.

Da farko babu abin da ya faru. Muka zauna mu biyu muna kallon tasa kamar masu jiran tuwo. Can sai rawayan ya fara duhu, ya koma kamar ƙasa bayan ruwan sama, ya ci gaba har ya yi launin tsohuwar ƙwarya. Hannun ya sake tasowa a tsakiya, ba fari tas kamar da ba, ya yi kamar nonon da aka dama da fura.

Iya ta gyara zama, ta gyara ɗaurin kallabi. Ta ce, "Da ma abin da nake nufi ke nan."

Daga madafi na ji Inna ta ƙware da dariya.

Amma da takardar ta bushe Iya ta sake dubawa ta girgiza kai. "Hannun dai har yanzu ba nawa ba ne. Ajiye shi tukuna." Ba ta sake maganar Fulatan ba.

A aji, da Malam ya zo kan tawa ya tsaya. Ya ce, "Ta kowa shuɗi, taki ta yi launin ƙasa. Tashi ki gaya mana yadda aka yi." Na tashi. Bakina ya ƙi buɗewa. Ya jira, ya jira, har ya ce in zauna. Sai na raɗa wa ƙawata, ita ta faɗa da ƙarfi, har da ƙari. Malam ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce laifinsa ne da bai gargaɗe mu game da toka da sabulu ba, kuma lalle akwai ƙarfe a cikin maganin takardar. Ya ce, "Ki gaida Iya, ki ce mata ofishin safiyo yana gaisuwa." Da na faɗa mata sai ta ce tana amsawa, in suna da wata matsalar su aiko.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita da zafin nan ya tsananta. Maganar ƙarshe da na ji daga bakinta tambaya ce, ko an motsa tukunyar baba. Matan da suka yi mata wanka sun ce sun cuɗa hannun shuɗin ya ƙi fita. Maƙwabciya ta ce musu, "Ku bar mata kayanta."

A kwanakin makokin ina cika butoci ina tunani. Na san Gwaggo ta fi ni cancanta, don ni kaɗai na ji abin da Iya ta tambaya ranar da ta ɗora hannu. Amma a kan takardar nan tafin hannunta ya kwanta, ita ta ɓata ta, ita ta gyara ta, ina zaune kusa da ita. In ta tafi Fulatan, ban san ranar da zan sake ganinta ba. Ina cikin haka sai maganar Malam ta dawo mini, cewa taswira ɗaya tana haifar wasu.

Ana gobe sadaka Malam ya zo yi wa Baba gaisuwa a zaure. Na tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu har ya fito ya kama kekensa.

"Malam."

Ya waiwaya hagu da dama. "Ke ce kika yi magana?"

"Ni ce, Malam. Sannu da zuwa."

"Yawwa, sannunki. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Malam, takardar nan, akwai saura?"

"Ta me za ki yi?"

"In aka shimfiɗa hannun Iya a kan sabuwa, kamar taswira, rana za ta ratsa ta farin wurin?"

Ya jingine keken a bango. Ya ɗan yi tunani. "Za ta ratsa, amma a hankali, don takardar tana da kauri. Kin san kuwa abin zai juye? Inda yake fari zai fito shuɗi."

"Shi nake so."

Ya ce gutsure ɗaya ya rage a gindin gwangwani, kuma ya sha zafi, wataƙila maganin ya mutu. In bai yi ba, babu wani. Da zai hau keke ya ce, "Ko takardar ba ta yi ba, yau dai na ji muryarki."

Washegari da hantsi, bayan an yi addu'a an raba waina, Malam ya kawo gutsuren da gilashin taga. Na kife turmin nan a inda na kife shi a da. Na sa sabuwar a ƙasa, tsohuwar a kai, na danne da gilashi. Gwaggo tana ɗaki tana ɗaure kayanta, don motar da ke zuwa Rogo da la'asar za ta tashi. A gabas kuma hadari ya fara haɗuwa, irin na farkon shekara.

Wannan karon ba a ganin abin da ke faruwa a ƙasa. Sai jira. Matan da suka rage suka yi ta zagayowa suna leƙe. Maƙwabciya ta ce, "Gidan nan dai ba a rabuwa da shanya." Aka yi azahar. Inuwar katanga ta fara matsowa, na ja turmin gaba. Gwaggo ta fito da ƙunshinta a hannu.

"Ina takardar?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa, sai na ji kaina na ce, "Tana rana, Gwaggo. Ki ɗan jira, don Allah."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ajiye ƙunshin ta zauna a kan tabarma.

Da gajimare ya fara taɓa rana na san ba sauran jira. Na ɗauke gilashin, na ware tsohuwar gefe, na kai sabuwar inuwa. Inna ta miƙo ƙwarya ta ce, "Na rijiya ne, ba na toka ba." Mata suka yi 'yar dariya. Na tsoma.

Rawayan ya fita ya bi ruwa. Gefe-gefen ya yi haske. A tsakiya kuwa wani abu ya fara duhu, ya ƙara, ya ƙara, sai ga hannu, shuɗi mai duhu tun daga wuyan hannu har kan yatsu. Ga karkataccen manuni. Ga ƙullin zobe.

Sai maƙwabciya ta ce a hankali, "Ga Iya."

Gwaggo ta taso ta durƙusa a gefen ƙwaryar. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo in taɓa."

Tsakar gidan ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Gwaggo ta dubi wannan ta dubi waccan, ba ta san abin da ta yi ba, sai da Inna ta gaya mata. Sai ita ma ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da ba ta yi ba tun zuwanta. Ta ɗora tafinta a kan jiƙaƙƙiyar takardar, yatsa a kan yatsa, ta bar shi a nan.

Da ta natsu ta ɗauki tsohuwar ta miƙo mini. "Riƙe kayanki. Wannan da ma ban gane shi ba, na dai rasa wani ne."

Na ce, "Gwaggo, ranar da Iya ta ɗora hannu ta tambaye ni ko abin yana jure tafiya."

"Zuwa ina?"

"Fulatan."

Ta ɗago ta dube ni. "Ta faɗi sunana?"

"A'a. Mutanen Fulatan ta ce."

Gwaggo ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce, "To, ni ke nan."

Na naɗe mata shi a farin ƙyalle daga taskirar Iya, na ce kada ta bari toka ko sabulu su taɓa shi. Ta fita ana fara yayyafi, ta rungume shi a cikin mayafi.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya karɓi aikin hannun nan da bai taɓa zama banza ba sai sau ɗaya, a kan turmi, saboda ni da mutanen Fulatan. Amin.